Daga Mararaba zuwa Jaji: Idan ɗanku zai diro daga jirgi da lema

Wannan makon tafiya za mu yi daga Mararaba zuwa Jaji, kuma abin da ya tayar da tafiyar wata tambaya ce da iyaye da matan sojoji kan kawo mana kantin magani: yaro ya bugo waya ya ce an sa shi cikin masu koyon dirowa daga jirgin sama da lema, barci ya ƙaurace masa, wace ƙwaya za a aika masa ta kashe tsoro?

Duk wanda ya zauna Mararaba ya san gari ne na masu sammako. A takarda tana Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, amma taku kaɗan ne tsakaninta da Nyanya, kuma mafi yawan mazaunanta a Abuja suke neman abinci. Kafin a idar da sallar asuba titin Kefi ya cika maƙil, kuma cikin masu jiran mota ba ka rasa masu kaki, domin Barikin Mogadishu, wanda aka fi sani da Barikin Abacha, a bakin wannan titin yake. Unguwa ce da yara da yawa ke tashi suna sha'awar aikin soja, shi ya sa wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a nan.

To mai karatu, shiga mota mu tafi. Za mu wuce Nyanya da AYA, mu bi titin Kubwa zuwa Zuba, mu ɗauki hanyar Kaduna. Da ka kai Madalla ka ɗaga kai ka dubi Dutsen Zuma da kyau, domin shi ne ma'auninmu na yau. Tsayinsa daga ƙasan da ke kewaye da shi ya kai kimanin mita 300. Ka ƙara masa mita 80 a zuciyarka. Daga irin wannan tsayi, wato wajen ƙafa 1,250, ake sako sojan da ke koyon dirowa. Mai gudun hanya kuma yana iya shiga jirgin ƙasa daga Idu ko Kubwa ya sauka Rigasa, layin da aka buɗe a 2016.

Daga Kaduna sai Kawo, sai Rigacikun, sai wata mai kama da sunan garinmu, wato Mararraban Jos, sannan Jaji a Ƙaramar Hukumar Igabi, kan hanyar Zariya. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai gonakin masara da dawa, ido na hango nesa ba tare da wani dutse ya tare shi ba. A nan Kwalejin Horar da Manyan Hafsoshi take, wadda aka kafa a 1976, kuma a nan Makarantar Sojojin Ƙasa take, inda ake koyar da dirowa da lema. Bariki ne, ba a shiga sai da izini, saboda haka mu tsaya bakin titi mu yi maganar abin da yaronku ke fuskanta a ciki.

Me ya sa kusa da ƙasa ta fi ban tsoro?

Mutum zai ɗauka wanda ya diro daga can ƙololuwa ya fi shiga haɗari. Masu wannan sana'a sun san cewa tsayi lokaci ne. Masu dirowa don nishaɗi a wurare irin su Dubai da Afirka ta Kudu sukan fita daga jirgi a wajen ƙafa 13,000, su yi kusan minti guda suna faɗowa kafin su buɗe lema. Daga ƙafa 1,250 kuwa, idan babu abin da ya buɗe, daƙiƙa 10 ko kusa da haka ke tsakanin mutum da ƙasa. Ga shi kuma daga can sama ƙasa kamar taswira take, amma daga nan kusa kana ganin rufin kwano, kana ganin shanu da mai kiwonsu, sai ƙwaƙwalwa ta gane sarai cewa wannan faɗuwa ce. Ko a Amurka, ɗalibin da ke neman lasisin farko na wannan wasa sai ya yi dirowa 25, kuma cikinsu akwai fita daga ƙafa 3,500, wadda ɗalibai da yawa suka fi jin fargabarta a kan ta ƙafa 13,000.

Sai dai lemar ɗalibin soja ba shi ke buɗe ta da hannunsa ba. Akwai igiya da ke haɗe da jakar lemar, yana maƙala ƙugiyarta a wata waya da ke cikin jirgi. Da ya fita ƙofa, nauyin jikinsa zai ja igiyar, ita kuma ta zaro lemar. Aikinsa shi ne ya haɗe ƙafafu, ya kafa haɓa a ƙirji, ya ɗora hannu a kan lemar ko-ta-kwana da ke gabansa, ya ƙirga daƙiƙa huɗu zuwa shida gwargwadon irin lemar, sannan ya ɗaga kai ya duba. Idan ta buɗe daidai, sai shirin sauka. Idan ba ta buɗe ba, ya ja ta ko-ta-kwana nan take. Wannan ɗan aiki na 'yan daƙiƙu shi ake kwashe makonni ana maimaitawa. A makarantar sojojin lema ta Amurka da ke Jihar Jojiya, mako uku ake yi: na farko a ƙasa, na biyu a kan hasumiya, na uku a jirgi, inda ɗalibi zai diro sau biyar. Makarantu irin wannan haka suke hawa da ɗalibi daki-daki.

Raunin da aka fi samu kuma wajen taɓa ƙasa ne, musamman targaɗe ko karaya a idon sawu. Ko da lema ta buɗe lafiya, saukar tana kama da dirowa daga katanga mai tsayin mita biyu. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi ya raba nauyin faɗuwar wuri biyar: tafin ƙafa, sha-raɓa, cinya, mazaunai, da gefen baya. Wanda ya ware ƙafafu ko ya miƙa hannu don ya tare ƙasa, shi ke komawa gida da sanda.

Tsoron ba cuta ba ne

Bugun zuciya, bushewar baki, gumin tafin hannu, yawan fitsari da murɗawar ciki duk aikin sinadarin adiranalin ne, wanda jiki ke saki don ya shirya mutum. A shekarun 1960 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Walter Fenz da Seymour Epstein, sun bi masu dirowa da lema suna auna tsoronsu. Sun gano cewa na sabon shiga yana ta hawa har ya kai ƙarshe daidai lokacin da aka ce ya shirya fita. Na tsofaffin hannu kuwa da wuri yake tashi, sannan ya yi ta sauka yayin da lokacin ke matsowa. Ashe gwanaye ma suna jin tsoro, maimaici ne ya koya wa jikinsu ya gama jinsa kafin a iso ƙofa.

Ƙwayoyin da ba za a aika ba

A nan ne aikina ya shigo, kuma ina roƙon iyaye mata su saurara. Diyazafam, wanda aka fi sani da Valium, yana kwantar da hankali, amma yana rage saurin tunani da motsin gaɓoɓi, kuma yana daɗewa a jiki fiye da kwana guda. Wanda ya haɗiya da dare don ya samu barci, da safe yana ƙofar jirgi da sauransa a jininsa, alhali daƙiƙa biyu na jinkiri na iya raba shi da ransa. Tiramadol yana kawo jiri, yana kuma iya tayar da jijjiga irin ta farfaɗiya. Maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigowa da shi a watan Mayun 2018, shi ma kasala da barci yake sawa. Har maganin mura irin su Piriton, da ake ganin ba komai ba ne, yana sa gyangyaɗi.

Akwai masu neman furofaranolol saboda sun ji yana rage bugun zuciya. Gaskiya yana ragewa, amma yana iya saukar da jini har mutum ya ga jiri in ya miƙe, kuma yana iya shaƙe mai asma. Maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna mefulokwin yana iya kawo jiri da firgici da munanan mafarkai. Lemon ƙara kuzari da kofi mai yawa da goro a kan yunwa sai dai su ƙara rawar hannu. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, ko wa ya haɗa shi, a bar shi a gida. Haka kuma ɗalibin da ya gurɗe a atisaye kada ya danne ciwon da ƙwaya ya ɓoye wa malamansa don gudun a mayar da shi baya. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Duk maganin da yake sha, ko zazzaɓi ko mura da ta toshe masa kunne, likitan bariki ya kamata ya fara sani.

Abin da ke aiki

Barci isasshe tun kwana biyu kafin ranar, domin daren ƙarshe da wuya ya samu yadda ake so. Karin kumallo mara nauyi, kamar koko da ƙosai kaɗan ko shayi da burodi, saboda yunwa na kawo jiri. Ruwa a kai a kai. Numfashi mai tsari: ya ja iska ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sake ta a hankali yana ƙirga shida ko takwas, domin dogon fitar da numfashi yana sassauta bugun zuciya. Ya riƙa rufe ido yana bin matakan fita ɗaya bayan ɗaya, har da abin da zai yi idan lema ta ƙi buɗewa, har jiki ya haddace. A ƙofar jirgi ya dubi inda sama ta haɗu da ƙasa, ya saurari umarni. In akwai abin da bai gane ba game da kayansa, ya tambaya tun yana ƙasa, ko sau nawa ne.

Ke kuma uwa, ko ke matar gida, naki aikin yana cikin wayar da za ki buga masa. Kada ki kira shi daren dirowa kina kuka, kada ki tura masa bidiyon waɗanda lemarsu ta ƙi buɗewa, kada kuma ki ce masa namiji ba ya tsoro, domin wannan maganar ce ke tura yara neman ƙwaya a ɓoye. Ki tambaye shi ko ya ci abinci, ko ya yi barci, ko akwai inda ke masa ciwo, ki sa masa albarka ki ajiye waya. In an ɗage dirowar saboda iska, kada ranki ya ɓaci, ƙa'idar aikin ke nan. In kuma bayan ya dawo hutu kin lura makonni sun wuce yana firgita cikin barci, ko ya daina cin abinci, ko ya kama shan abin da ba ya sha a da, ku je asibiti a duba shi.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake bambanta targaɗe da karaya, da abin da ya kamata a yi a awa 48 na farko kafin a kai ga likita. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya ba mu lafiya da zaman lafiya.