TAMA: INDA TEKU YA BAR HAƘORANSA

Garin Tama yana cikin gundumar Buza, a jihar Tawa, a ƙasar Adar. Madawa tana kudu, Keita tana arewa. Ƙasa ce ta duwatsu da kwari. A cikin kwarin Majiya ana noman gero da dawa, da rani a shuka albasa. A bisa tudu kuwa sai fako da baƙaƙen duwatsu, inda awaki ke kiwo.

Daga Tama zuwa bakin teku ya fi kilomita 800. Amma duk da haka, yaro mai kiwo yakan tsinci ƙumba da katantanwa a gindin dutse, sun zama dutse. Wani ya tsinci dunƙulallen farin dutse mai zanen tauraro a bayansa. Mai sa'a kuwa ya samu haƙori ɗan tsito, mai ƙyalli, wanda ba na kare ba, ba na kura ba.

Me ya kawo su nan?

Masana ilimin ƙasa sun bincika. Sun gano cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, teku ne ya rufe Adar har zuwa Sakkwato. Ba shi da zurfi ƙwarai, ruwansa da ɗumi. Halittun ruwa suna mutuwa, ɓawonsu yana kwantawa a ƙasa, laka tana rufewa. Yau da gobe abin ya daskare, ya zama farin dutse. Daga baya tekun ya janye, jar ƙasa mai ƙarfe ta hau bisa. Shi ya sa in mutum ya tsaya a kwari ya dubi jikin dutse, zai ga ja a sama, fari a tsakiya, laka mai ɓarewa kamar takarda a ƙasa.

Dutsen nan mai tauraro bushiyar teku ce, ƙayarta ta zube. Haƙorin kuwa na wani kifin teku ne mai cin nama, ana ce masa shak. Jikinsa ba ƙashi, sai guringuntsi, don haka yakan ruɓe duka. Haƙoran kaɗai ke saura. Kuma muddin ransa yana zubar da haƙori, wani yana fitowa.

Labarin nan ya daɗe da fita duniya. A shekarar 1903 aka kai irin waɗannan duwatsu daga Tamaske zuwa Faransa. A 1904 wani masani a Ingila ya yi rubutu a kan bushiyoyin teku na Garadume, kusa da Buza. A 1972 wani Bafaranshe, Henri Cappetta, ya wallafa bincike a kan haƙoran kifayen da aka tono a ƙasar Tawa.

Tekun nan bai tafi ya bar Adar hannu wofi ba. Farin dutsen da ya bari, da shi ake yin siminti a Malbaza, haka ma a Kalambaina kusa da Sakkwato.

Mai son tsintuwa ya fita bayan ruwan sama, da sassafe, ya bi gindin dutse da bakin ƙorama yana duban ƙasa. Amma in hadari ya haɗu a kan tudu, kada ya shiga ƙorama, ruwa na iya zuwa ba sallama.

Sai dai akwai abin lura. Ruwan da ke tono ƙumba, shi ne ke cin gona. Inda tsintuwa ta yawaita, ƙasa ce ke zaizayewa. Don haka aka soma dasa layukan bedi a kwarin Majiya a 1975, aka kuma buɗe aikin raya ƙasa na Keita a 1984. Jera duwatsu a gangare yana tare ruwa, ya tsare gona.

Wanda ya samu babban ƙashi ko haƙora da yawa wuri guda, kada ya farfasa, kada ya sayar wa baƙo. Ya riƙe sunan wurin, ya gaya wa maigari ko malamin makaranta. Gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai yana ajiye irin waɗannan abubuwa don ƴaƴa da jikoki su gani. Dukiyar ƙasa ce, ta kowa da kowa.