Abin Da Na Gani A Kududdufin Yadzaram

A lokacin da aka tura mu gwajin koyarwa, ni aka ba aji huɗu a wata makarantar firamare ta cikin Mubi. Ran nan darasi ya faɗo a kan halittun ruwa. Na buɗe littafi, sai na ga hotunan kifayen ƙasar Turai, waɗanda ni kaina ban taɓa gani ba, balle yaran. Na ce a raina, ga kogi a bayan gari, me zai sa mu zauna muna kallon takarda? Na roƙi hedimasta izini, ya yarda, muka ɗauki gwangwanaye da kwalabe muka tafi.

Kogin Yadzaram daga duwatsun da ke kan iyakarmu da Kamaru ya ke sauka, ya ratsa Mubi, ya yi arewa zuwa ƙasar Barno, ya bi ta Bama ya nufi wajen Tafkin Chadi. Da damina ba mai tsallake shi da ƙafa. Amma mu a watan Fabrairu muka je, ruwa ya ja baya, sai rairayi da kududdufai nan da can.

To, jama'a, na tafi ne a matsayin malami, na komo ɗalibi. Kafin in buɗe baki, yara sun cika gwangwani da 'ya'yan kwaɗi, da tsutsar sauro, da matsattsaku ɗaya wanda ya sa 'yan mata ihu. Wani yaro ya kama karfasa, ya matsa bakinta, sai ga ƙwai sun zubo. Ya ce, "Malam, a baki ta ke goyo." Gaskiyarsa kuwa, uwar takan riƙe ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe. Wani dattijo mai su ya tarar da mu, na gaishe shi, na ce, "Baba, ina gaiwa ta ke shiga in ruwa ya ƙafe?" Ya yi dariya, ya nuna busasshen taɓo da sandarsa. Ashe takan nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta bar 'yar ƙofa ta shan iska, don tana da huhu. Haka za ta kwanta wata da watanni har ruwan sama ya tashe ta.

Muna cikin haka sai wani yaro ya kawo mini 'yan ƙananan katantanwa a tafin hannunsa, kowace ba ta fi ƙwayar wake ba. Gabana ya faɗi. Na san su sarai, don ina ɗan shekara goma na yi fitsarin jini, kuma a ƙauyenmu ba wanda ya damu. Cewa a ke yi alamar yaro ya fara zama namiji ce. Sai da na shiga makarantar mishan aka gwada ni, aka ce tsargiya ce, aka yi mini magani.

Na tara su gindin wata bishiya na yi musu bayani. Mai ciwon in ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar yakan ƙyanƙyashe, ta shiga jikin katantanwa ta hayayyafa. Bayan 'yan makonni sai su fito dubbai, ido ba ya ganinsu, su huda fatar mai wanka ko mai wanki. A jijiyoyin jini na kusa da mafitsara su ke girma, ƙwan da su ke sakawa shi ke jawo jinin. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851, amma sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar da cewa ta katantanwa ta ke bi. Maganinta yanzu ƙwaya ce, praziquantel.

Na tambaya, "Wa ya taɓa ganin jini a fitsarinsa?" Shiru. Sa'an nan na ce ni na taɓa. Sai hannu ya fara tashi, ɗaya, biyu, har na daina ƙirga. Na duba ƙafafunsu, duk a jiƙe, kuma ni na kawo su na sa su shiga ruwan. Wannan kuskurena ne, na kuwa faɗa wa hedimasta da bakina kafin a tashi. Ya yi mini faɗa kaɗan, ya rubuta takarda zuwa asibiti.

Da za mu rabu, yaron da ya kawo katantanwar ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, to in ba kogi, ina za mu yi wanka? Famfon unguwarmu ya lalace tun bara." Na ce masa a ɗebi ruwan a ajiye kwana biyu kafin a yi wanka da shi, tsutsar ba ta wuce haka da rai. Ya ce tulunsu ɗaya ne, na sha.