Dunduniyar Takalmin Inna

Tun ina yaro nakan gane takalmin mahaifiyata ko a cikin takalma ɗari a ƙofar gidan biki, domin dunduniyarsa ta gefen waje ce kullum ke fara cinyewa. Inna tana da ƙafar baka: ko ta haɗa idon sawunta, gwiwoyinta ba sa haɗuwa. Ba mu taɓa lissafa wannan cikin cuta ba, halitta ce, haka ma ƙanwarta take.

Da shekaru suka ja, amosanin gaɓɓai ya cinye guringuntsin gwiwarta ta dama, har ta koma yin salla a kan kujera. Muka yi karo-karo aka yi mata tiyatar dashen gwiwa. Aka lulluɓe ƙarshen ƙashin cinya da ƙarfe, aka kafa wani farantin ƙarfe a saman ƙashin ƙwauri, aka sa roba mai tauri a tsakaninsu a madadin guringuntsi. Shekara takwas tana zuwa unguwa da ƙafarta. A ta tara kumburi ya dawo, ƙafar kuma ta fara komawa lanƙwasarta ta dā.

Likitan da muka gani wannan karon bai gamsu da ɗan hoton gwiwa da muka kawo ba. Ya sa aka ɗauki dogon hoton ƙashi tana tsaye, daga ƙugu har idon sawu. Ya ja layi daga tsakiyar kan ƙashin cinya zuwa tsakiyar idon sawu, ya ce nan nauyin mutum ke bi ya sauka ƙasa. A miƙaƙƙiyar ƙafa layin kan ratsa tsakiyar gwiwa, ko kusa da ita. Na Inna ya kauce, ya bi ta gefen ciki.

A kowane taku gwiwa na ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki. Idan wannan kaya ya bazu a kan robar gaba ɗaya, takan daɗe tana aiki. Idan ya taru a gefe guda, gefen ne zai riƙa siɗewa. Da ya siɗe sai ƙafar ta ƙara karkata, karkatar kuma ta ƙara masa kaya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda garin robar ke zuwa. Ba ya fita daga jiki. Ƙwayoyin garkuwar jiki ne ke haɗiye shi, su tayar da kumburi, kumburin ya riƙa zaizaye ƙashin da ke riƙe da ƙarfen, har ƙarfen ya fara girgiɗi. Duk wannan na iya tafiya shekaru ba tare da wani ciwo na a zo a gani ba.

Raina ya ɓaci da wanda ya yi aikin farko, kuma ban ɓoye ba. Likitan ya ce in yi a hankali, maganar ba ta kai haka sauƙi ba, daga baya kuma na karanta na ga gaskiyarsa. Tun zamanin John Insall, likitan Niyok da ya yi fice a wannan aiki a shekarun 1970, ana koyar da cewa a miƙe ƙafa, kuma an daɗe ana ɗaukar karkatar da ta wuce digiri 3 a matsayin haɗari. Amma a 2010 masu bincike a Mayo Clinic ta Amurka suka duba gwiwoyi 398 bayan shekara 15, ba su ga waɗanda ke cikin wannan iyaka sun fi sauran daɗewa ba. A 2012 kuma wani bincike a Beljiyam ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na matasan maza masu lafiya da 'yar ƙafar bakarsu suke tun asali. Shi ya sa wasu likitoci yanzu ke bin halittar ƙafar mutum maimakon tilasta mata miƙewa. Sai dai farantin ƙwauri da ya karkata sosai, in ya haɗu da ƙiba, yakan kawo matsala. Inna kuwa ta yi jiki bayan tiyatar, mu ma muna murna, muna cewa hutu ne.

Akwai kuma nawa laifin. An ce mu riƙa dawowa ana ɗaukar hoto lokaci-lokaci. Sau biyu na kai ta. Da na ga tana tafiya lafiya sai na bari. Da an ga siɗewar da wuri, wataƙila robar kaɗai za a canza. Da muka zo, ƙashin ya riga ya ci, sai da aka cire komai aka sa wani mai dogon tushe, aikin da ya fi na farko tsada da wuyar jinya. Wani nazari a mujallar The Lancet a 2019 ya nuna kimanin kashi 82 cikin 100 na irin wannan dashe kan kai shekara 25. Namu bai kai goma ba.

Yanzu gwiwar hagu ce ke neman nata aikin. Na rubuta tambayoyina a takarda: za a ɗauki dogon hoto a tsaye kafin aiki da bayansa? Miƙe ƙafar za a yi ko bin halittarta, kuma me ya sa? Inna ta saurare ni har na gama, sannan ta dubi likita ta ce, "Ɗan nan, ni tawa guda ce. Goshina zai ƙara taɓa ƙasa?" Ya ce ba zai yi mata alkawari ba, domin durƙuso kan yi wa da yawa wuya bayan wannan aiki. Ta ce to, a sa rana.