An Sake Ta, Ba A Ƙyale Ta Ba

Hausawa kan ce tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Na daɗe ina jin wannan karin magana a bakin manya, amma ban ga inda ta zauna daram ba kamar a kan macen da aurenta ya mutu, alhali kuwa wanda ya sake ta bai cire hannunsa daga rayuwarta ba. Mu marubuta mun saba rufe labari ranar ɗaurin aure ko ranar da aka miƙa takardar saki, kamar dai a nan ne wahala ke ƙarewa. To ni na ga abin da ke biyo bayan takardar da idona, shi ne kuma nake son in ba 'yan'uwa labari.

Zan sakaya sunanta saboda tana raye, 'ya'yanta ma haka. Mu dai Yaya muke ce mata, don ta girme mu da shekara guda. Mu uku ne muka shaƙu tun a makarantar kwana ta 'yan mata, lokacin da garuruwanmu ke ƙarƙashin Jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Zamfara a 1996. Ni aure da aikin koyarwa suka kai ni Gummi, ta biyunmu ta zama malamar asibiti a Anka, ita kuwa Yaya, 'yar Anka, aka kai ta wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum.

Mijinta fataucin zinari yake yi. A cikin gida ake daka duwatsun da aka haƙo, ƙura ta bi tukwane da tabarmi. Da gubar dalma ta ɓulla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, ta kashe yara sama da 400, 'yar Yaya ta fari tana cikinsu. Tun daga nan zaman bai sake daɗi ba. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa ta'aziyya, wayarta kuma a aljihunsa take kwana. A 2019 ya furta saki na uku a gaban wansa, ta dawo gidan mahaifiyarta a Anka da yara biyu, namiji da mace.

Kowa ya san hukuncin saki uku, ba kome sai ta auri wani. Shi ma ya sani. Sai ya sauya salo. Da farko ya ce biyu ya yi, ya hana takarda. Ya riƙe kayan ɗakinta da keken ɗinkinta, waɗanda iyayenta suka saya mata. Da ta gama idda, duk wanda ya yi sallama a zauren gidansu, kafin kwana uku saƙo ya iske shi cewa matar wani ce yake nema. Ya ajiye samari 'yan acaɓa suna kai masa rahoton inda ta shiga da wanda ta gaisa da shi. In ya ga dama ya aiko da hatsi, in ya ji ta fita unguwa ya ɗauke, ya bi da barazanar zai ƙwace yaran. Duk wanda ta kai wa kuka, amsar ɗaya ce: a yi haƙuri, uban 'ya'yanki ne. Haƙiƙa haƙuri abu ne mai kyau, amma sau da yawa mukan faɗe shi ne don mu sauke wa kanmu nauyin taimako.

Wata rana na je gaishe ta, ta raka ni har soro, ta kama hannuna ta ce, "Ƙanwata, wanga zama ba ya yi. In dai ina cikin ƙasag ga, ba ya bari na in sha ruwa. Ina da kawu can Sabon Ibadan, ya ce in taho." Ban ce mata ta ƙara haƙuri ba. Na ce, "Yaya, ba mu lokaci."

Ba mu fara da neman mota ba, da neman sani muka fara. Wani malami da muka yarda da shi ya warware mana cewa a mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da renon 'ya'ya bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Amma fa akwai sharaɗi: idan uwa ta yi ƙaura mai nisan buridi shida, wato kimanin mil 72, uba yana da damar karɓar 'ya'yansa. Ibadan kuwa ta ninka haka sau da yawa. Ashe da mun ɗauke ta da dare kamar yadda zuciya ke so, da mun miƙa masa sandar da zai doke ta da ita. Malamin ya ƙara da cewa in uwa ta kauce, kakar wajen uwa ce ke biye.

Don haka aka je gaban alƙali. Wansa, Allah ya saka masa da alheri, ya tsaya ya ba da shaida cewa saki uku ne, aka rubuta takarda. Da aka lissafa kuɗin ciyar da yara na shekara biyu da ake bin sa, sai jikinsa ya yi sanyi. Yaya ta ce ta yafe kuɗin da kayan ɗakin baki ɗaya, a ba ta kekenta kawai, ya kuma sa hannu cewa ta riƙe 'yar macen duk inda zama ya kai ta. Ya yi dariya ya ce, "Allah gafarta Malam, ina za ta? Ko Gusau ba ta san hanya ba." Ya sa hannu. Namijin kuwa, ɗan shekara tara, ya ce faufau. Aka tsayar da cewa zai zauna wajen kakarsa a Anka ya ci gaba da makaranta. Yaya ta kwana bakwai ba ta ce komai ba. A na takwas ta aiko mana cewa a ci gaba da shiri.

Kuɗin hanya daga adashinmu ya fito. Malamar asibiti ta bar mata kwasarta, ni kuma na sayar da tunkiya biyu. Muna cikin haka, a farkon Satumba 2021, aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin mako. Abin da ya jefa jama'a cikin ƙunci, mu ta wani gefe ya zame mana sutura, domin 'yan rahoton ba su da hanyar kai labari da sauri. Muka koma kamar zamanin makaranta, wasiƙa a ninke cikin kwalin magani, direba ya kai Gummi ya dawo da amsa.

Kayanta ba a fitar da su rana ɗaya ba. Yau malamar asibiti ta shigo da jaka ba komai ta fita da zannuwa, gobe yarinya ta ɗauki kwanuka kamar za a kai aro gidan biki. Keken ɗinkin kuwa aka ce ya lalace za a kai gyara. Ƙanen maigidana mai tuƙa motar hatsi zuwa kudu ya cusa su tsakanin buhunan wake.

Wurin da muka fi tsoro shi ne Nasarawar Burkullu, domin hanyar Anka zuwa Gummi ta ratsa ta nan, ƙasar Bukkuyum ce, kuma babu wanda bai san shi ba a tasha. Ba a bin hanyar da dare saboda 'yan bindiga, dole sai da rana tsaka, ido na ganin ido. Malamar asibiti ta sa fararen kayanta ta zauna gaba, Yaya a baya cikin dogon hijabi da yarinya a cinya, ƙanenta a gefe, duk wanda ya leƙo ya ɗauka mara lafiya za a kai. Ba wanda ya tsayar da su. Da la'asar suka yi sallama a gidana.

Daren nan ba mu runtsa ba. Maigidana ya kwana a zaure. Yaya ta ba ni labarin yadda suka rabu da ɗanta: ta ɗinka masa riguna uku, ɗaya daidai shi, biyu sun fi shi girma. Mahaifiyarta kuma ta ce mata, "Tahi ɗiyata, ni na riƙa miki shi. Allah shi tsare." Da gari ya waye muka raka su tasha. Suka bi ta Daki Takwas zuwa Zuru, daga nan Kontagora, Mokwa, suka haye gadar Jebba, suka wuce Ilorin. Mu da ba mu da waya, sai bayan kwana tara direban hatsi ya dawo mana da ƙullin goro da 'yar takarda: sun sauka lafiya.

Da labari ya iske tsohon mijin, ya zo Anka yana kumfar baki, ya ce zai ɗaure mu duka. Kakar yaron ta ɗauko takardar alƙali ta miƙa wa mai unguwa ya karanta a gaban jama'a. Ya juya ya tafi. Malamar asibiti ta sha zagi da ƙazafi na watanni, ni ma akwai gidajen da har yau ba a amsa gaisuwata, wai mun raba uwa da ɗa. Wannan magana tana min ciwo, domin akwai gaskiya a cikinta, sai dai ba mu ne muka kafa sharaɗin ba.

Sabon Ibadan unguwa ce da Hausawa fataken goro da shanu suka zauna tun 1916, don haka Yaya ba ta rasa masu jin harshenta ba. Tana ɗinki, ta ɗauki 'yan koyo biyu, 'yarta har Yarbanci ta iya. Ɗan kuwa sau biyu kawai ta gan shi tun tafiyarta, ya riga ya fi ƙarfin rigunan nan uku. In mun yi waya takan yi dariya irin ta makaranta, amma da na ambace shi sai muryarta ta sauka.

'Yan'uwana marubuta, musamman masu tasowa, irin su Yaya suna nan a kowace unguwa, kuma labarinsu ba ya buƙatar ƙarin gishiri. Mu rubuta zawarci yadda yake, da hukuncinsa da kuɗin motarsa da yaron da aka bari a baya, ko wata ta karanta ta san ta inda za ta fara. Wadda kuma ƙawarta ta kawo mata irin wannan kuka, ta tuna cewa zumunta a ƙafa take, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka. Allah ya haɗa Yaya da ɗanta cikin alheri, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, amin.