Tommy McCook, Mabushin da Ya Tsaya Bayan Mawaƙa

Duk wanda ya taɓa sauraron tsofaffin fayafayan Jamaika na shekarun 1960 da 1970, da wuya a ce bai ji busar Tommy McCook ba, ko da kuwa bai san sunansa ba. A galibin fayafayan wancan zamani sunan mawaƙi da na mai kamfani ake bugawa, shi kuwa mabushi sai a biya shi ladan aikin yini ya kama gabansa. Rayuwar McCook ta isa misali na yadda kiɗan ƙasa guda ya ginu a kan gumin irin waɗannan mutane.

An haife shi a shekarar 1927, ya kuma yi karatu a makarantar Alpha da ke birnin Kingston, wadda matan zuhudu 'yan ɗarikar Katolika ke gudanarwa domin yaran da iyayensu ba su da hali. A can ya koyi karanta rubutaccen kiɗa da busa saksafon. Daga wannan makaranta ne kuma Don Drummond da Lester Sterling suka fito. Tun yana saurayi ya shiga ƙungiyar Eric Deans, wadda ke yi wa masu rawa kiɗa irin na Amurka.

A 1954 ya tafi Nasau, babban birnin tsibiran Bahamas, inda ya shekara takwas yana busa a gidajen rawa. A tsakanin nan ne ya leƙa Miyami, ya ji salon John Coltrane, zuciyarsa ta karkata ga jaz baki ɗaya. Da ya koma gida a 1962, shekarar da Jamaika ta sami 'yancin kai daga Birtaniya, sai ya tarar da sabon kiɗa mai suna ska ya mamaye unguwannin talakawa. Da farko ya yi ɗari-ɗari da shi, domin burinsa ya zama cikakken mabushin jaz. Sai dai abin da ya so ya kauce masa shi ne ya ɗaukaka sunansa.

A 1964 aka kafa ƙungiyar Skatalites, McCook na jagorantarta, tare da Roland Alphonso da Drummond da Jackie Mittoo da Lloyd Knibb. Su ne suka riƙa yi wa matasan mawaƙa kiɗa a Studio One na Coxsone Dodd, ciki har da ƙungiyar Wailers ta su Bob Marley. Tsarin jaz suka shigo da shi cikin kiɗan rawa: mabusa su buɗe da karin sauti guda tare, sannan kowa ya karɓa ya yi tasa ƙirƙirar nan take, a ƙarshe su sake haɗuwa a kan karin farko. Ƙungiyar ba ta yi ƙarko ba. A farkon Janairun 1965 Drummond, wanda ke fama da taɓin hankali, ya kashe masoyiyarsa, kuma kafin shekarar ta ƙare kowa ya kama hanyarsa.

McCook ya koma kamfanin Treasure Isle na Duke Reid, ya kafa ƙungiyar Supersonics. A daidai lokacin ne kiɗa ya lafa, ska ya ba da wuri ga rokstedi, inda muryar mawaƙi da amon jita mai kauri suka shige gaba. Mutumin da ya horu a kan doguwar busa ta ƙirƙira ya koyi taƙaitawa, yana jefa ɗan gajeren sauti a inda Alton Ellis ko Phyllis Dillon suka ja numfashi, sannan ya yi shiru. Wannan kamun kai ya fi yawan busa wuya, kuma shi ne gadon da rege ya karɓa. A shekarun 1970 ya ci gaba da aiki da Bunny Lee da kuma Channel One.

Ta fuskar lada kuwa, kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ana biyan makaɗa ne sau ɗaya a kan kowace waƙa, alhali mai kamfani na iya ɗora mawaƙa da dama a kan kiɗan nan guda, ya yi ta sayarwa shekara da shekaru.

Girmamawa ta zo a makare. Skatalites sun sake haɗuwa a bikin Reggae Sunsplash na 1983, daga baya McCook ya koma Amurka da zama, har fayafayansu biyu suka shiga takarar lambar Grammy a shekarun 1990. Ya rasu a Atlanta a 1998 yana da shekara 71. Manazarcin da ke bin tarihin rege ta kan sunayen mawaƙa kaɗai, rabin labarin zai samu; sauran rabin yana hannun waɗanda suka tsaya a baya suna busa.