Bashin zumunci a bakin Kwara

Shekara goma sha bakwai ina yi wa abokina alkawarin zuwa Yawuri, shekara goma sha bakwai ina saɓawa. Tare muka yi makarantar kwana, gadonsa a saman nawa. Da mahaifinsa ya rasu ta waya na yi masa ta'aziyya, na ce ina nan tafe, ban je ba. Bai taɓa yi mini gori ba, kuma shirun nan nasa ya fi gori ciwo. Da hutun yara ya zo bana, uwargida ta ce in dai ba so nake sai wata ta'aziyyar ta kai ni ba, to in zuba mai a mota.

Bayan sallar asuba muka bar Sakkwato, muka bi ta Tambuwal da Jega da Koko. Ba zan ɓata takarda a kan ramukan hanya da shingayen jami'an tsaro ba, duk mai bin titin ya san su. Abin da ya tsaya mini shi ne mun auna tafiyar da rana: dole mu isa kafin magariba, domin yanzu magidanci ba ya kai iyalinsa hanya da dare. Iyayenmu ba su yi irin wannan lissafin ba.

Ya tarye mu a ƙofar gida da furfura har a gemu. Ya dubi uwargida ya ce, "Amarya, ke kika jawo shi, na sani." Aka ci tuwon shinkafa da miyar kifi, aka yi ta hirar malamai da ɗalibai, wanda ya yi kuɗi da wanda ya riga mu gidan gaskiya. Maganar mahaifinsa kuwa babu wanda ya taɓo.

Washegari ya ce sai ya kai yara ruwa. Uwargida ta ƙi, kuma tana da hujja. Kowa a yankin yana tune da jirgin da ya kife kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, mutane da dama suka halaka. Sai ya shiga ɗaki ya fito da rigunan kariya guda shida, ya ce tun bayan wannan hatsarin ya saye su, kuma ko ɗan da ya haifa ba ya hawa kwale-kwalensa ba tare da ita ba, duk da dariyar da wasu masunta suke yi masa. A ganina wannan dariyar ta fi igiyar ruwa kashe mutane.

Kwale-kwale yana da dokarsa. A tsakiya ake zama, ba a miƙewa, ba a jingina da gefe. Ya miƙa mini filafili, na yi ta faman tuƙi jirgin yana juyawa wuri ɗaya, yara suna ƙyaƙyata dariya. Ƙaramar ta ce, "Baba, ka ba Kawu abinsa." Na ba shi. Da motsi kaɗan ya miƙe da mu, sai ƙarar ruwa a jikin katako.

Mun yi nisa, gari ya koma ɗan layi a bayanmu, sai ya ɗaga filafilin ya bar ruwa ya riƙa jan mu. Ya nuna wani wuri da babu komai sai ruwa, ya ce nan ne gungun da aka haifi mahaifinsa. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya taso ya shafe tsibirai da ƙauyuka, har da tsohuwar Busa, aka kwashe dubban mutane zuwa sababbin matsugunai. Gungawa, waɗanda sunansu ma daga gungu yake, suka koma tudu. Wutar da aka samar ta haska biranen da ba su taɓa jin sunan ƙauyen ba. Ya ce har tsohon ya tsufa yakan sa a kawo shi nan, ya yi shiru, ya yi wa iyayensa addu'a a saman ƙaburburansu.

Na ce, "Ka yafe mini, ya kamata in zo."

Ya ce, "Ai ga ka ka zo. Ɗaga hannu mu yi masa fatiha."

Muka ɗaga, har yaran, cikin rigunan da suka yi musu yawa. Uwargida, wadda ta riƙe gefen jirgi da hannu biyu tun daga gaɓa, ta saki ta shafa tare da mu. Bayan nan ya juya kan jirgin, ya ce mu hanzarta, iskar la'asar ba ta da kirki a nan.