Hutu A Yankari: Inda Uba Ke Zama Kujera Ɗaya Da 'Ya'yansa

A yawancin gidajenmu, in an ce makaranta ta yi hutu, abin da ake nufi shi ne a sa yara a mota a aika su ƙauye wurin kakanni, maigida kuwa ya ci gaba da harkarsa a birni. Ba laifi, zumunci ne. Amma yaro ɗan shekara goma sha biyar wanda ke makarantar kwana, in ya yi wata tara a hannun malamai, ya yi sauran a hannun kakarsa, yaushe ubansa zai san shi? Kafin a farga ya gama sakandare ya tafi jami'a, abin da ya taɓa shiga tsakaninsu kuwa bai wuce gaisuwar safe da kuɗin makaranta ba.

Gandun dajin Yankari, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, wuri ne da magidanci zai iya rage wannan bashi cikin kwana biyu ko uku. Daga Bauchi ana bin hanyar Gombe har Dindima, a karya dama zuwa Mainamaji inda ƙofar gandun take, daga nan kuma a yi tafiyar da ta ɗara kilomita 40 cikin daji kafin a isa masaukin Wikki. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sa'an nan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya zarce murabba'in kilomita 2,200.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, ruwa ya ƙafe ko'ina, namun daji suka taru a bakin kogin Gaji. An yi sa'a kuwa, hutun zango na biyu yakan faɗo cikin Afrilu.

Da sassafe ko da la'asar ake fita kallon dabbobi, a mota, tare da ma'aikacin gandu. A nan ne abin yake. A gida maigida shi ne mai sani, shi ke tambaya, yaro na amsawa kansa a sunkuye. A cikin motar nan kuwa duk ɗalibai ne. Uban da ya girma a birni bai iya bambanta gwanki da kanki ba, ɗiyarsa da ta karanta su a littafi wataƙila ita za ta gyara masa. Ma'aikacin zai tsai da mota ya nuna sawu a ƙasa, ko reshen da aka karya ɗanye, ya ce giwaye sun bi nan ba da daɗewa ba. Daga nan kowa sai ya yi tsit, ido na cikin kurmi. Ana iya ganinsu, ana iya komowa ba a gan su ba, gama maharba masu neman haure sun rage su ƙwarai, ko da yake garken Yankari yana cikin mafiya girma da suka saura a Nijeriya. Ɓauna da gwambaza da gadu sun fi sauƙin gani. Zaki kam, wanda ya gan shi ya yi babbar sa'a.

Ko an ga giwa ko ba a gani ba, an sami abin hira. Samari da 'yan mata ba sa son a zaunar da su a ce yau za a yi magana. Nan da nan sai su rufe baki. Amma in ana gardama kan wanda ya fara hango ɓauna, ba wuya zance ya gangaro kan malamin lissafi, ko abokin da aka ɓata da shi, ko abin da yaro ke so ya karanta wanda ba shi ne abin da uban ya tsara masa ba. Wayar hannu ma takan taimaka, don cikin dajin ba ta cika samun layi ba, ta yaro da ta uban baki ɗaya.

Bayan ƙurar hanya sai ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa, garai-garai har ana ganin yashin ƙasansa, ɗuminsa kuwa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Iyalin da ke son sakewa, musamman uwa da 'yan mata, gara su sauka da wuri kafin jama'a su cika. Wanda ke da ɗan da ke son tarihi kuma ya nemi a kai su kogunan Marshall, watau ɗakunan da mutanen dā suka fafe a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, fiye da ɗari, waɗanda aka haƙa don tara ruwa.

Tafiyar tana cin kuɗi, wannan ba a ɓoye yake ba: ga mai, ga kuɗin shiga, ga ɗaki, ga motar kallo. Dabara ita ce a shigar da yaran cikin lissafin tun wata biyu kafin tashi. A ba babban ya riƙe asusu, ƙanwarsa ta rubuta guzuri, su ga yadda naira ke shiga da yadda take fita. A kuma tambayi halin da hanya ke ciki kafin a kama ta, a yi tafiya da rana.

Gargaɗi ɗaya game da guzurin nan: gwaggon biran Wikki sun saba da mutane, ba su jin kunyar kowa. Suna buɗe ƙofar da ba a kulle ba, suna fizge leda daga hannu, kuma ba ruwansu da ko mai riƙe da ita maigida ne. In hakan ta faru, yara za su yi dariya har da hawaye, uwargida za ta juya baya tana rufe baki da mayafi, maigida kuwa sai ya haƙura, don za a yi ta ba da labarin kilishinsa a gidan nan har ran da za a kai ɗiyar ɗakin miji.